Mutanen Da

A kwana na uku na hutunmu a babban birni na kai Baba gidan tarihi. Tun daga ƙofa yake mita, wai na kawo shi kallon tarkace. Muna shiga ɗaki na huɗu ya ja ya tsaya. Baƙin keken ɗinki ne na ƙafa, an kewaye shi da jar igiya.

"Karanta min allon nan," in ji shi.

"Wai da irinsa mutanen da suke ɗinki."

"Mutanen da? Ni ɗin?"

Shekara arba'in Baba yana tela, kuma irin keken nan ne har gobe a shagonsa. Ya leƙa, ya ja tsaki. "Ji allura a baibai!"

Kafin in ankara ya tsallake igiyar. Mai gadi ya taho a guje.

"Baba, ba a taɓawa!"

"Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake taɓawa."

Ya juya allurar, ya zauna daram, ya ɗora ƙafa. Keken ya ɗauka, ƙararsa ta cika ɗakin. 'Yan kallo suka watsar da mai yi musu bayani suka yo kanmu. Ni kam kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai da ya gamsu ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya nuna wa mai gadin allon.

"Ka gaya wa wanda ya rubuta wannan, ya bari mu mutu tukuna."