Tambayar Habsu

Madam Jannat Abatcha tana koyar da tarihi a wata makaranta a Gure. Wata safiya ta shiga aji da darasin Turai ta dā, zamanin da manyan coci ke naɗa sarki su kuma tuɓe shi. Ta gaya wa ɗalibai yadda wasu malaman Kirista na lokacin suka rubuta cewa hankalin mace bai kai ta yi wa'azi ko mulki ba. Ta ba su labarin wata mata da ta rubuta littafi kan son Allah, aka ce ta janye, ta ƙi, aka ƙone ta a bainar jama'a.

Habsu, wata ɗaliba ƴar Gidigir, ta ɗaga hannu.

"Madam, cikin waɗanda suka yanke mata hukunci akwai mace?"

"Babu ko ɗaya."

Habsu ta tafi gida hutu, ba ta dawo ba. Labari ya iso wa Jannat cewa yarinyar ta kai wa mahaifinta, Malam Fadilu mai tafsiri, labarin nan gaban baƙinsa, har ta tambaye shi me ya sa uwarta ta daina karantar da mata.

Jannat ta kasa cin abinci. Ran kasuwa ta hau mota zuwa Gidigir, tana ta shirya maganar da za ta roƙi Malam da ita. Ta tarar ya fita. Kadija, uwar Habsu, ta shimfiɗa mata tabarma.

"Yaya, ki taya ni roƙon Malam ya maido ta," in ji Jannat.

"Shi cewa ya yi ta koma. Ni na hana."

Jannat ta saki baki.

"Mata sun cika gidan nan da, suna ɗaukar karatu," in ji Kadija. "Aka ce na yi kan kaina, aka daina bin Malam salla sai da na rufe. Na san inda irin tambayar nan ke kai mace. Ke, in ta ɓaci, sai a canza miki gari. Ita fa?"

Habsu ta kawo mata ruwa a kwano, idonta a ƙasa, ta koma ɗaki.

A mota, wani makiyayi ya yi ta ba ta labarin tsadar dusa. Tana ta cewa "haka ne", har suka shiga Gure.