Ranar da Aka Fasa wa Saba Kwakwa

Kamfaninmu na Haidarabad a ƙasar Indiya yajin mangwaro yake sayarwa a kwalba, kuma tun zamanin kakan mai shi ba a taɓa kawo sabon inji an kunna ba sai an yi masa addu'a an fasa kwakwa. Shi ya sa da Sravanthi, injiniyar kwamfutarmu, ta ce shafin cinikinmu na intanet zai koma sabuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗaukar shafi, manaja Narsing ya tambaye ta yaushe mota za ta kawo kayan.

"Babu mota, Yallabai. A gajimare take, wato haya za mu kama a kwamfutocin wani kamfani. Umarni kawai zan rubuta a baƙin allon nan, kafin shayinka ya huce ta tashi."

"To a jikin me za a rataya furanni?"

Ta ce ba ta sani ba. Narsing ya ce a makarantarsu ba a koya musu komai ba ke nan.

Malamin haikali ya duba taurari ya zaɓi safiyar Alhamis. Aka kewaye kwamfutar Sravanthi da furanni, aka ɗiga mata jan gari a murfi, aka fasa kwakwa har ruwan ya kusa shiga madannai. Mai kamfani, Yallabai Yadagiri, ya iso da matarsa Padmaja da surukinsa. Sravanthi ta rubuta umarnin tsaf, da girman sabar, da garin da za ta zauna, da makullin shiga, ta bar masa dannawar ƙarshe.

Ya danna. Rubutu ya zubo a allo, aka tafa.

"Ranka ya daɗe, ka rufe ido," in ji mai hoto. "A sake."

Sravanthi ta raɗa wa Narsing cewa duk dannawa sabuwar saba take haifarwa.

"Ke dai mayar da rubutun. So kike a rataya hoton mai gida yana gyangyaɗi?"

Ta mayar. Yallabai ya danna, ya sake dannawa yana murmushi. Uwargida Padmaja ta ce ita ma hannunta da albarka. Suruki ya danna da babban yatsa kamar mai dangwala ƙuri'a. Malamin haikali ma bai bari an bar shi a baya ba. Daga nan aka raba alawar laddu.

Washegari Sravanthi ta shiga ofishin Narsing ta ce saba guda ɗaya muke bukata, za ta kashe sauran.

"Kashewa? Wacce?"

"A bar ta farko."

"Ta farko idonsa a rufe. Wadda ke cikin hoton fa?"

"To a bar waccan, a kashe ta uwargida."

Narsing ya tashi ya rufe ƙofa. "'Yar nan, ina da 'ya'ya a makaranta. Ki je ki gaya wa matar da ke zaɓar manajoji cewa kin kashe abin da ta taɓa da hannunta. Ni ban ji ba, ban gani ba."

Ta suruki ma ba a iya kashe ta ba, don shi ke riƙe da sashen sayayya. Ta malamin haikali kuwa ko Sravanthi sai da ta yi jim.

Haka aka bar su duka a kunne. Ɗaya na ɗauke da shafin ciniki, sauran suna zaune kamar dangin amarya. A taron ƙarshen shekara Narsing ya sanar cewa babu mai yajin mangwaro a duk jihar da ya kai mu yawan saba, aka yi masa ƙarin girma. Sravanthi aka naɗa ta shugabar sashen gajimare, aka ba ta kujera mai juyawa. Duk Litinin takan leƙa cikinsu ɗaya bayan ɗaya ta ga suna nan lafiya, ta fito.

Bara abokan hamayyarmu na Guntur suka aiko a asirce suna nemanta da aiki. Sun ce su ma irin tsarinmu suke so.