Suruki a Kujerar Dama

Kamfanin jiragen saman da Mutale Chisanga yake wa aiki a Lusaka yana da doka a kan komai, har da tsawon hannun riga. Abin da bai taɓa tambaya ba shi ne wa ya auri 'yar wa. Haka aka zaunar da Mutale, ƙaramin matuƙi, a kujerar dama, Kyaftin Sikazwe, uban matarsa Chanda, a ta hagu.

Mutumin kirki ba ya katse surukinsa, balle ya gyara masa. Ranar da suka tunkari filin jirgin Ndola tsohon ya taho da gudu fiye da ƙima, Mutale ya gani sarai. Aikinsa ne ya ce a fasa sauka, a sake kewayowa. Sai ya yi tari, irin na ladabi. Jirgin ya daki ƙasa, ya tsaya dab da ƙarshen titi. Fasinjoji suka yi tafi.

Na'urar da ke naɗar motsin jirgi ba ta da suruki. Madam Mubita, shugabar sashen kula da lafiyar tafiya, ta kira Mutale.

"Ka ga gudun?"

"Na gani, Madam."

"Me ka yi?"

"Na yi tari."

"To, sannu. Asibiti za mu kai ka ko makaranta?" Ta cire tabarau. "Jibi za ku shiga jirgin gwaji tare da surukinka. In ya kuskure ka yi shiru, ka rasa aikinka. In ka yi magana, ka san abin da hakan zai nuna."

Ya sani. Ya daɗe yana lura da yadda tsohon ke neman maɓallin da ke gaban idonsa, yana kuma danna masa a ɓoye. Da rana a gida Chanda ta ajiye masa nshima, tuwon masara, da kifi, tana ba shi labarin yadda babanta ke goge takalmin aiki ko ranar hutu. Ya ci kaɗan.

Jirgin gwajin akwati ne a kan ƙafafun ƙarfe, ba ya zuwa ko'ina, amma a cikinsa ake ƙare mutane. Kyaftin Sikazwe ya shigo da fara'a.

"Suruki, yau ma da murar ka zo? Chanda ba ta dafa maka citta ne?"

"Na samu sauƙi, Baba."

Madam Mubita ta zauna a bayansu, ta kunna musu Ndola da ruwan sama. Da farko tsohon ya yi tuƙi mai kyau, har Mutale ya fara sa rai. Sai gudun ya soma hawa. Titi na matsowa, hannun tsohon na yawo a kan allo. Mutale ya ji tarin ya taso masa, ya haɗiye shi.

"Baba, a fasa sauka."

Tsohon ya ci gaba da sauka.

"Kyaftin, saki. Na karɓi jirgi."

Tsohon ya juyo ya dube shi, ya ɗauke hannuwansa a hankali ya ɗora a cinya. "Jirgi naka ne," ya ce, yadda doka ta tsara a faɗa. Mutale ya ɗaga su sama, ya kewayo, ya sauka lafiya lau. Madam Mubita ta ce madalla, ba ta kalli kowa ba.

A makon nan likitan kamfani ya tabbatar da abin da kowa ya riga ya sani, cewa tsohon ba zai ƙara tuƙi ba, kamfani kuma ya yi shelar cewa fahimtar juna tsakanin matuƙansa ta ƙaru.

Mutale ya tarar da tsohon a bakin ƙofa, hular aiki a leda.

"Baba, in kai ka gida."

"Ka yi daidai," in ji tsohon. "Kada ka gaya wa Chanda. Ni zan faɗa mata."

"Motar tana nan kusa."

"Na ji ka. Ai yanzu ana jin ka."

Ya tsallaka titi, ya shiga layin masu jiran bas.