Hagun Jirgi

Auta na cikin naɗe fiffike da salatif a kan teburin falo, Baba ya fito daga ɗaki riƙe da kofin shayi, ya tsaya a kanta kamar mai duba aikin kwangila.

"Wannan shi ne jirgin?"

"Shi ne, Baba."

"Jiya da lemo a cikinsa."

Ba ta musa ba, don gaskiya ce. Gorar lemo ce ta roba mai lita biyu, an manna mata wutsiya da fukafukai na farin soson nan da ake tokare sabon firji da shi a cikin kwali. Ana zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe bakin, a yi ta buga iska da famfon keke har gorar ta yi tauri, sannan a ja igiya. Ruwan ya fita ta baya da ƙarfi, gorar ta haura sama. In ruwan ya ƙare sai fukafukan su karɓi aiki, ta yi ta shawagi tana saukowa a hankali, ana juya wutsiyarta da rimot daga ƙasa. Wata uku ke nan Auta da ɗalibanta na ƙungiyar kimiyya suna fama da abin.

Tashi dai jirgin yana tashi, ba wanda ya taɓa yi masa ƙorafi a nan. Dawowar ce ta gagara. Na farko ya daki katanga, na biyu ya faɗa kwata, na uku kuwa, duk faɗin filin makarantar nan, bai ga wurin sauka ba sai gilashin motar shugaban makaranta. Gilashin ko tsagewa bai yi ba. Amma tun daga ranar shugaban ya tuna cewa makaranta na da karyayyun kujeru sama da ɗari da ba su da wurin ajiya, kuma ɗakin ƙungiyar kimiyya yana da ƙofa mai kyau. Ya ba ta zuwa yau da ƙarfe goma: jirgin ya tashi, ya dawo filin da ya bari, bai taɓa kayan kowa ba. In ba haka ba, ta kawo makulli. Shekara biyu ta yi tana roƙon ɗakin nan, da hannunta ta yi masa fenti, kuma tsoron rasa shi take yi ƙwarai.

Baba ya tambaye ta mece ce matsalar. Ta nuna masa 'yar sandar da ke jikin rimot, ta ce muddin jirgin na tafiya ya ba ta baya, damarta damarsa ce, hagunta hagunsa. Amma da ya juyo ya fuskance ta sai komai ya birkice, ta danna nan ya yi can, kafin kanta ya gama lissafi an gama faɗuwa.

"In kin danna hagu, hagun wa yake bi?"

"Hagun jirgin."

"To, ai shi ke nan," in ji Baba, ya kurɓi shayinsa.

Haushi ya kama ta, ta haɗiye. Baba ya yi shekara talatin da biyu a filin jirgin sama, yana tsaye a kan kwalta da sanduna biyu masu launi a hannu da abin toshe kunne, yana nuna wa jirage inda za su tsaya. A duk shekarun nan bai taɓa shiga jirgi ba, ko wanda ke ajiye. Tun da ya yi ritaya wata takwas da suka wuce, sai ya juya kan gidan. Takalman bakin ƙofa sun koma layi ɗaya, hanci na kallon bango. Maƙwabcinsu ya daina ajiye mota in Baba na waje, don sai an sa shi ya koma baya sau uku. Umma ta leƙo daga kicin ta ce wa Auta, don Allah ta tafi da shi ko famfo ya riƙe mata, ko ita Umman ta samu ta yi shara babu mai gyara mata hanyar tsintsiya.

Auta ba ta so ba, amma kafin ta sami abin cewa Baba ya shiga ɗaki ya fito sanye da rigarsa ta aiki mai sheƙi, an goge ta har da kari. A motar haya ya rungume jirgin a cinya. Wata mata ta tambaya ko fanka ce, ya ce mata a'a, bai ƙara komai ba.

Sun tarar da ɗalibai a filin ƙwallo da bokitin ruwa. Shugaban makaranta ya iso goma saura biyar, ya gaisa da Baba cikin ladabi, yana satar kallon rigar. Ya riga ya sa an matsar da motarsa can ƙarshen fili, ƙarƙashin bishiya. A bakin ɗakin kimiyya kuma har an fara jibge kujeru, don kada a ɓata lokaci.

Aka zuba ruwa, ɗalibai suka yi ta buga famfo suna ƙirgawa, har gorar ta fara ƙara. Auta ta riƙe rimot. Ta gyaɗa kai, aka ja igiya.

Jirgin ya haura, ya bar wa na kusa wanka. Ya wuce tsayin tankin ruwa, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya kwantar da hanci ya miƙe. Auta ta bar shi ya yi nisa, ta karkato shi a hankali, ya yi kwana mai kyau har ɗalibai suka fara tafi. Sai ga shi ya fuskanto ta. Iska ta tura shi gefe, ta danna don ta gyara, ya ƙara yin gefen. A gefen nan babu komai sai bishiya ɗaya da mota ɗaya.

"Hagunsa," in ji Baba a kusa da kunnenta, kamar mai faɗin lokaci.

Ta san gaskiya ya faɗa, yatsanta ne ya ƙi yarda. A zuci ta ga makullin a hannun shugaba, ta ga kujeru har rufi. Sai ta tura wa Baba rimot ɗin a ƙirji.

Bai ko dubi abin ba. Ya ware ƙafafu, ya ɗaga haɓa, idonsa a kan hancin gorar. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa jirage na fuskantarsa bai san wani hagu ba sai na matuƙi. Ya taɓa sandar kaɗan, jirgin ya bar hanyar mota. Ya sake taɓawa, ya daidaita. Ya taho kai tsaye, yana ƙasa-ƙasa, ya shafi ciyawa da ciki, ya ja kamar taku uku, ya tsaya a gaban takalmin Baba.

Baba ya miƙa mata rimot, ya ɗaga hannuwansa biyu sama da kai, ya gicciye su. Alamar tsayawa ce. Gorar ta riga ta tsaya, amma aiki aiki ne.

Ɗalibai suka kaure da ihu. Shugaban ya dubi motarsa, ya dubi jirgin, ya ce ai bai faɗi wanda zai tuƙa ba, don haka Malama ta riƙe makullinta, a kwashe kujerun a mayar inda aka ɗauko su. Sannan ya matso kusa da Baba.

"Ashe dattijo matuƙi ne. Shekara nawa ana tuƙi?"

Baba ya duba agogonsa. "Bai kai minti ɗaya ba."

Shugaban ya yi dariya don ya ɗauka wasa ne. Auta ba ta yi ba. Tana kallon Baba yana gyara zaman rigarsa ta aiki. Tausayinsa ya kama ta, da kunyar cewa da safe ta so ta bar shi a gida.

Ta durƙusa za ta ɗauki jirgin, ya ce ta dakata. Ya je bakin fili ya tsinto duwatsu biyu, ya sa ɗaya a gaban gorar, ɗaya a baya, yadda ake tokare tayar jirgi.

"Baba, ba shi da taya."

"Na gani," in ji shi, yana gyara dutsen gaba da ƙafa. "Wace rana kuke sake haɗuwa? Filin nan babu layi."