Ba a Iso Ba Tukuna

Garejin Baba Monday da ke Obiagu ba ya karɓar motar da ba ta girmi masu gyaranta ba. Tsofaffin Fijo da Marsandi ake jawo masa da janwe, waɗanda suka shekara talatin ko arba'in a jibge a bayan gida, kaji na yin ƙwai a cikinsu. Shi Baba Monday mutumin Kafanchan ne, ya shigo Inugu tun yana saurayi, aikinsa gyaran jikin mota da fenti. Inji kuwa a hannun Ma'aruf yake. Matar Ma'aruf, Siddiƙa, ita ke ɗinkin kujeru da rufin ciki a wata rumfa daga gefe inda ta kafa keken ɗinkinta, 'yarsu Baiwa mai shekara uku tana wasa da guntattakin soso a gindin ƙafarta.

Doka ɗaya ce Baba Monday ba ya wasa da ita. Ranar da za a fara tayar da injin da ya daɗe a mace, sai an wangale ƙofofi duka huɗu har da but, ya zagaya motar yana bubbuga rufinta da tafin hannu yana cewa, "An iso, jama'a. Kowa ya sauka." Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Igbo, ya ƙara da Turancin buroka. Sannan a murɗa makulli.

"Baba, in suka sauka a nan, gidanka za su kwana ko?" Ma'aruf kan tsokane shi.

"Kai dai riƙe sifanarka," in ji tsohon. "Ranar da ka kai shekaruna ka zo mu yi gardama."

Siddiƙa ba ta taɓa sa baki ba. A ganinta dabara ce ta fitar da warin gam da tinar fenti daga cikin mota, tsoho ya yi mata ado da magana.

Da damina ta kankama aka kawo wata Fijo 404 mai launin madara daga unguwar Uwani. Mai ita Madam Linda ce, tsohuwar malamar makaranta, motar mahaifinta ce da ta shekara arba'in da huɗu a kulle, tana so a tayar da ita kafin taron tunawa da shi. Da Siddiƙa ta farke kujerar baya, ta ciro tsofaffin kwabbai da maɓalli biyu daga cikin sifirin, da takalmin yarinya ƙwaya ɗaya, ƙafar hagu, fari, ƙarfensa ya yi tsatsa. Ta zuba su a gwangwanin madara don ta ba mai mota, ta ci gaba da aikinta. Sati uku ta yi a kan kujerun nan. Jar fata ta samo, ta yanka sabon soso mai kauri, ta ja zare layi-layi har yatsunta suka yi kanta.

Ranar da inji ya haɗu, Baba Monday yana Kafanchan wajen jana'izar wansa. Tun hantsi ake sheƙa ruwa, irin na Inugu mai zuwa ta gefe. Kwanon da ke saman Fijon yana yoyo, ƙasa ta cika da ruwa da baƙin mai, babu inda za a shimfiɗa wa yarinya tabarma. Siddiƙa ta ɗauki Baiwa da barcinta ta kwantar a kujerar baya, ta rufe ƙofa a hankali.

Ma'aruf ya ɗaura batir, ya goge hannu, ya kama mariƙin ƙofar baya zai buɗe.

"Baban Baiwa, kada ka buɗe!" ta ce. "Ba ka ganin feshi? Fatar nan in ta sha ruwa ta yi tabo har abada. Ga yarinya tana barci, sanyi zai kama ta."

"Dokar Baba fa?"

"Baba yana Kafanchan. Ka tayar ka ji ƙararsa kawai, ka kashe."

Ya ɗan tsaya, ya yi dariya, ya shiga gaba ya ja ƙofarsa. A murɗa ta uku injin ya yi tari ya kama, ya daidaita kamar jiya aka kashe shi. Ma'aruf ya daki sitiyari don murna. Ita kuwa Siddiƙa ta cikin gilashi take kallon 'yarta. Baiwa ta farka ba kuka, ba miƙa. Ta tashi zaune, ta ja jiki ta matsa can jikin ƙofar hagu, kamar yadda ake matsa wa wani. Ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta zuba ido gaba.

Da yamma aka zuba mata shinkafa da wake, abincin da take yi wa rawa. Ta kau da kai.

"Sai an iso," ta ce.

"An iso ina? Ga mu a gida."

Yarinyar ta zauna a bakin tabarma a miƙe, hannuwa a gwiwa, jikinta na ɗan rangaji, lokaci-lokaci ta karkata gefe ɗaya kamar an sha kwana.

Siddiƙa ba mai saurin tsorata ba ce. Ta ce hayaƙin salansa ne, ta fitar da ita iska, ta ba ta madara, ta ƙi. Washegari ta tari keke mai ƙafa uku ta kai ta asibiti, aka ɗebi jini, babu zazzaɓin sauro, babu komai. Limamin masallacinsu ya zo ya yi tofi a ruwa, Baiwa ta kurɓa kaɗan ta yi barci, ta farka ta koma zamanta. A rana ta uku zaren da ke wuyan hannunta ya soma zamewa zuwa yatsu saboda rama. Tafin ƙafarta sanyi ƙalau. Siddiƙa ta durƙusa a gabanta da kofin kunu.

"Baiwa, dube ni. Wa ya ce kada ki ci?"

"Ann."

"Wace Ann?"

"Cikinta na ciwo. Papa ya ce sai mun koma gida za mu ci."

Duk layinsu babu Ann. Baiwa kuma Abba take kiran ubanta, ba ta taɓa cewa Papa ba.

Siddiƙa ta goya ta ta nufi gareji, ta buɗe ƙofar bayan Fijon. A ɓangaren dama na kujerar akwai lotsawa, ƙarama, daidai mazaunin yaro. Sabon soso ne, ita ta yanka shi, ƙato ya zauna a kai ya tashi ba ya nuna alama. Ta ce wataƙila an sayar mata da gurɓatacce. Ta farke ɗinkin, ta zare shi, ta yanka wani ta cusa, ta ɗinke. Ta je ta yi azahar ta dawo. Lotsawar na nan inda take.

A rana ta huɗu da safe Baba Monday ya dawo, jakarsa a kafaɗa. Aka yi masa gaisuwar rashi. Idonsa ya sauka a kan Baiwa, wadda ke zaune bisa tsohuwar taya tana rangaji, ya juya ya dubi baƙin da salansa ta bari a bango.

"Kun tayar."

"Mun tayar, Baba," in ji Ma'aruf, kansa a ƙasa.

"Ƙofa a rufe?"

"Ni ce, Baba," Siddiƙa ta ce. "Ya zo buɗewa na hana shi. Kuma tana ciki."

Tsohon bai yi faɗa ba, abin da ya ƙara tsinka mata zuciya ke nan. Ya ajiye jaka ya wangale ƙofofi da but, ya zagaya yana bubbuga rufi. An iso, jama'a, kowa ya sauka. Baiwa ta girgiza kai daga inda take.

"Ta ce nan ba gida ba ne."

Baba Monday ya sauke hannunsa. "'Yata, tun ina yaron gareji maigidana ya koya mini. Wanda ya rage a mota, in inji na mace, lallashinsa ake yi ya sauka. In aka tayar yana ciki, to tafiya ta ci gaba. Wa kika taɓa gani ya sauka a tsakiyar hanya?"

"To sai a kai ta inda za ta," in ji Siddiƙa. Ta zaro wayar mijinta daga aljihunsa ta kira Madam Linda.

Matar ta iso cikin awa guda, tana tsammanin motarta ta kammala. Siddiƙa ta tare ta da gwangwanin madara, ta ciro takalmin ta ɗora mata a tafin hannu, ta tambaye ta da buroka wace ce Ann.

Madam Linda ta nemi benci ta zauna. Ta juya takalmin a hannunta. Ƙanwarta ce, in ji ta, shekararta huɗu. Ciwon ciki ya kama ta wata Asabar, mahaifinsu ya sa su a baya su biyu ya nufi asibiti. Tana kukan yunwa, yana ce mata ta yi haƙuri, in sun koma gida za ta ci. Ba su kai asibitin ba. A cinyar Linda ta cika. Mahaifin ya juya mota ya koma gida, ya sungume ta bai ce uffan ba, ya rufe ƙofar motar, ya kulle garejin, har ya mutu bai sake taɓa makullin ba.

"Ba wanda ya ce mata an iso," in ji Baba Monday a hankali.

Siddiƙa ta riga ta ɗaure kula da kofi a ɗankwali. "Baban Baiwa, tayar da mota."

"Maman Baiwa, birkin nan ban gwada shi a titi ba. Ko lamba babu."

"Ka tafi a giya ɗaya. In an tare mu ni zan yi magana. Kwananta huɗu ba ta ci ba."

Madam Linda ta shiga gaba. Baba Monday ya ce zai biyo su a keke. Baiwa ta hau da kanta ta koma jikin ƙofar hagu, ta ƙi cinya. Siddiƙa ta dubi 'yarta, ta dubi lotsawar da ke dama, ta shiga ta zauna a tsakaninsu.

Rana tsaka suka fito, gari ya yi fes bayan ruwa. Masu keke na yi musu oda suna ɗaga babban yatsa, wani na ihu ko ta sayarwa ce. Kafin su fita daga Obiagu hannun Siddiƙa na dama ya yi sanyi daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, kamar ta jingina da randa. Da Ma'aruf ya sha kwanar farko, wani ɗan nauyi ya kwanto mata a damtse, daidai inda kan Baiwa ke kaiwa. Ba ta waiwaya ba. Ta riƙe 'yarta da hagu, tana karanta Ayatul Kursiyyu.

Can gaba tayar ta faɗa wani rami, motar ta yi tsalle. Kafin Siddiƙa ta yi tunani hannunta na dama ya riga ya miƙe ya tare, yadda take tare Baiwa a keke kada ta faɗi. Nauyin ya lafe a jikinta. Haka ta bar hannun har Uwani.

Tsohon gida ne mai bishiyar mangwaro. Ma'aruf ya tsaya a bakin garejin da aka jawo motar daga ciki, ya kashe inji, ya buɗe ƙofofi. Baba Monday ya sauko daga keke ya ɗaga hannu zai bugi rufi.

"Baba, bari," in ji Siddiƙa daga ciki. "Ba ta san muryarka ba. A bar Madam ta faɗa mata."

Madam Linda ta zagayo ƙofar dama ta sunkuya. Da Igbo ta yi magana, muryarta ta koma ta yarinya. Ta kira sunan sau biyu, ta ce sun iso gida, ta sauko ta ci abinci. Nauyin na nan a damtsen Siddiƙa.

"Ba ta da takalmi," in ji Baiwa. "Ƙasa da ruwa."

Madam Linda ta dubi na hannunta. Ta juya ta shige gida da gudu-gudu, ta dawo da ɗan'uwansa, ƙafar dama, wanda mahaifiyarsu ta adana a ƙasan akwati. Ta jera su a ƙasa a bakin ƙofar motar, bakinsu na kallon kujera, ta ja da baya.

Siddiƙa ta ji an saki hannunta. Sai wani siririn sauti, wanda ta fi kowa sani, na soso in yana jan iska yana tasowa. Jar fatar ta miƙe sumul.

Baiwa ta yi hamma, ta zame ta kwanta a cinyar uwarta. "Umma, yunwa."

Da ƙyar Siddiƙa ta kwance ɗankwalin. Kunu ta fara ba ta, kaɗan-kaɗan, tana janye kofin kada ta ƙware, yarinyar na fizgowa da hannu biyu. Ta lalubo tafin ƙafarta ta riƙe har ta ji ɗumi ya soma dawowa. Ma'aruf ya kifa kai a rufin motar. Baba Monday ya cire hula.

Sai da kofin ya ƙare Siddiƙa ta ɗago ido. Madam Linda na tsaye inda take, hannu a baki. Takalman na nan a jere a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, amma bakinsu ya juya yana kallon ƙofar gida.

Siddiƙa ta goya 'yarta ta ɗaure zani tamau. A keke suka koma Obiagu, ta ce a tsaya a kasuwa, ta sayi tamfol babba wanda zai rufe mota har da ƙofofinta a buɗe.