Rana a Cikin Rariya

Malam Muntaka ya zare rariyar daga hannun matarsa tun garin bai gama zuba ba.

"Malam, tuwon fa?" in ji Hafsat.

"Tuwo ya jira. Kuma na faɗa miki, ko duhu ya rufe, kada ki buga mini tasa. Ba ta maido rana."

Ya fita ƙofar gida, rariya a hannu, littafi a hammata. Ƙaramin littafi ne mai yagaggen bango, a shagon Boniface da ke unguwar Rikoto ya saye shi. Labarin mutanen dā ne da suka yi shekara da shekaru a kan rufin ɗaki suna kallon sama, har suka gane lokacin da wata zai tare rana. Da ƙyar Muntaka ke haɗa boko, amma ya bi shi da yatsa har ƙarshe, ya sake komawa farko. Boniface ya ce shi hotuna kawai ya duba. Talle kuwa, abokinsa da suke cin tuwo a kwano ɗaya tun suna samari, kaɗan aka karanta masa ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce wannan duba ne, kuma ba ya haɗa hannu da mai duba. Tun daga ranar Muntaka ke cin tuwonsa shi kaɗai, ba ya ma cinyewa.

Rediyo ya ce yau za a yi husufi. Hasken hantsi ya riga ya fara dushewa lokacin da Talle ya biyo ta wurin, zai tafi masallaci sallar husufi.

"Mi kake yi, Muntaka? Yau kuma rana ake tankaɗewa?"

"Tsaya ka gani. Kada ka kalli sama, ƙasa za ka kalla. Haka mutanen dā suka yi."

Ya ɗaga rariyar. A cikin inuwarta, kowace huda ta haifi ɗan jinjirin wata, birjik a kan rairayi, suna rawa da rawar hannunsa. Talle ya matso ya sunkuya.

Sai jinjirayen suka sirance, suka mutu. Wani sanyi ya ratsa unguwa. Kaji suka nufi akurki, jemagu suka tashi daga mangwaro, tauraro ya fito da hantsi. Gida-gida aka ɗauki bugun tasa da kwano.

Muntaka ya ɗaga kai. Littafin ya faɗa masa duhun ba zai daɗe ba. Bai faɗa masa cewa zai ga baƙin rami a inda rana take ba, da farin zobe yana ci a gefensa shiru. Littafin ya faɗi. Ya cire takalminsa ya hau dukan rariyar.

"Sake ta! Don Allah sake ta!"

Hafsat ta leƙo daga zaure, tasarta rungume a ƙirji, ba ta buga ba.

Haske ya tsaga gefen ramin, zakara ya yi cara. Muntaka ya tsaya yana haki, takalmi a hannu.

Talle ya sunkuya ya ɗauki littafin, ya hure masa ƙasa.

"To, boka, wanne ya maido ta? Wanga ko takalmin?"

Muntaka ya sunkuyar da kai.

"Ɗaga mini rariyar in sake gani," in ji Talle.

Jinjirayen sun dawo, amma yanzu sun juya baya. Talle ya tsuguna ya daɗe yana kallo, yana ta tasbihi a hankali. Sannan ya miƙe, ya soke littafin a hammatarsa.

"Sa takalminka mu riski salla." Ya juya wajen zaure. "Uwargida, in mun dawo, kwano ɗaya za ki zuba mana."

Hafsat ta karɓi rariyar, ta duba yadda ta lotse.

"Da wace rariyar zan tankaɗe?"