Samfefa a Bakin Baba

Shekara arba'in Baba yana kafinta, kuma duk wanda ya san shi ya san bai iya ganin kaushi ya ƙyale ba. Ko gidan mutane ya je, sai ya shafa hannun kujerarsu ya yamutsa fuska. Hali zanen dutse.

Ranar da babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta buɗe asibitin haƙorinta, shi ya fara hawa kujerar. Haƙorinsa na gaba ya daɗe da ɓantarewa, don da shi yake riƙe ƙusa. Ta yi masa farin ciko, irin wanda ake haska wa shuɗiyar fitila ya daskare. Ya duba madubi, ya ga haƙori ya dawo, ya sa mata albarka.

Tun a hanyar gida harshensa ya gano matsala. Can gefen cikon akwai ɗan kaushi. Ido ba ya gani, amma harshe ya ƙi barin wurin. To, ya gaya mata? Yarinyar da ta sha wahalar karatu, ranar farko uba ya ce aikinta da gyara? Ina! Gara ya haɗiye. Yana tsoron ya karya mata gwiwa, tsoro na gaske.

Kwana huɗu ya daure. A na biyar ya shiga shagonsa, ya yago samfefar gugar katako mafi laushi, ya jingina madubin aski a kan benci, ya ɗage leɓe ya hau guga. A ransa ya ce ai guga guga ce, katako ko haƙori.

Kaico! Garin neman gira aka rasa ido. Ƙyallin ya dushe, cikin mako biyu shayi ya rina wurin ya koma ruwan ƙasa. Baba ya daina dariya. In zai yi magana sai ya kare baki da hannu.

"Malam, wai kunyar wa kake ji a gidanka?" in ji Mama, matarsa. Da ya sake kare baki sai ta ɗauki waya ta kai ƙararsa wurin 'yar.

Washegari ga Baba kwance a kujerar, fitila a fuskarsa, ya datse baki gam.

"Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Buɗe mana."

Ya buɗe. Ta sa tabaranta mai ƙara girma, ta leƙa, ta ce, "Ikon Allah! Duk karcen layi ɗaya suka bi, ko ɗaya bai kauce ba. Lamba nawa ce samfefar?"

"Mafi laushi ce," ya ce a hankali, ya kau da kai gefe.

Ta yi dariya har sai da ta cire tabaran ta share ido. Sannan ta jawo wani ɗan akwati ta nuna masa faya-fayai huɗu, kowanne bai fi farce ba. Ta ce na farkon yana daidaita siffa, na biyu yana cinye karcen na farko, a haka har na huɗu ya fito da ƙyalli, ana yi ana fesa ruwa don kada zafi ya taɓa haƙori. In an tsallake ɗaya, ƙananan ramuka za su rage, nan launin shayi da datti suke samun mazauni.

Baba ya murza su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Na huɗun ko kaushi bai ji ba. Kunya ta rufe shi, tasa mafi laushin ashe tsakuwa ce.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ranarki ce ta farko, Uwata. Ban so in ɓata miki."

Dariyar ta tafi daga fuskarta. "A faifai na biyu na tsaya ranar, Baba. Na ga ka ƙanƙame hannun kujera, tausayinka ya kama ni, na yi sauri. Na san ban gama ba, na yi ta jira ka ce wani abu. Bare ba zai faɗa mini ba, asibiti kawai zai canza."

Ta kankare wurin, ta ƙara ciko kaɗan, ta bi faya-fayan huɗu a natse. Da ta gama ta ɗago kujerar ta ce ya ji.

Harshensa ya zaga. Sumul, sai wani ɗan wuri kusa da dasashi. Ya dubi idanunta, suna jira. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Gefen hagu," ya ce. "Da saura kaɗan."

"Yauwa, Babana," ta ce, ta sake kwantar da kujerar.